Ƙanena ya daina barci, yana rabar da kayan shagonsa: sammu ne ko ciwo?

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 24 yana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina. Yau kwana 10 ke nan bai yi barcin kirki ba, kuma ba ya gajiya. Yana magana ba numfasawa, yana rabar da turamen atamfa kyauta, yana cewa zai gina wa unguwarmu asibiti. Bara kuwa ya yi watanni a ɗaki ba ya son ganin kowa. Iyayenmu sun ce sammu ne. Daga wata mai karatu a Ƙofar Marusa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Sai likita ya gan shi ido da ido kafin a tabbatar, amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da larurar da muke kira maniya, wato hauhawar kuzari da jin kai fiye da ƙima, tare da murna ko saurin fushi, har ya kai mako ɗaya ko fiye yana ɓata wa mutum harkokinsa. Zaman ɗakin da ya yi bara shi ne ɗaya ɓangaren, wato matsananciyar damuwa, kuma idan biyun suna karɓa-karɓa a jikin mutum ɗaya ana kiran ciwon baifola. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a shekarar 2019, kuma yakan fara bayyana ne a ƙuruciya, daidai shekarun ƙanenki.

Alamar da na fi ba muhimmanci ita ce barcin. Mai rashin barci na yau da kullum yakan tashi da nauyin kai yana hamma, shi kuwa mai maniya yakan runtsa awa biyu ya miƙe garau, ya share tsakar gida da tsakar dare, ya buga wa mutane waya kafin asuba da sabon shirin kasuwanci. Tunani na zuwar masa da gudu, shi ya sa yake tsalle daga wannan zance zuwa wancan. Abin da ya fi wahalar da iyali shi ne ba ya jin ciwo ko kaɗan, a ganinsa ma bai taɓa samun lafiya irin ta yanzu ba, don haka kada ku jira ya nemi asibiti da kansa.

Ciwon yakan bi jini, kuma rashin barci, wiwi, taramol ko wasu magunguna irin su prednisolone na iya tayar da shi. Cutar maƙoƙo (thyroid) mai sa sinadarinsa ya yi yawa a jiki ita ma tana kwaikwayonsa, shi ya sa muke gwada jini. Ban hana addu'a ba, a yi ta, amma a haɗa da magani, kuma ina roƙonku da babbar murya kada a kai shi gidan mari ko a doke shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadar masa haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yau ko gobe, tare da wanda yake jin nauyinsa, kawu ko babban yaya. Kafin nan a karɓi makullin shago da na babur da katin banki cikin lalama, a daina musu da shi kan asibitin da zai gina, domin gardama ƙara hura wutar take yi. Idan ya ambaci kashe kansa ko ya fara barazana, a tafi nan take.

Magunguna irin su olanzapine kan kwantar da shi cikin kwanaki ko 'yan makonni, lithium kuma, wanda aka bayyana amfaninsa kan wannan ciwo a Ostireliya a 1949, yana hana dawowarsa. Mai shan lithium yana buƙatar gwajin jini da na ƙoda a kai a kai, kuma ƙishirwa tana sa maganin ya taru a jiki har ya zama guba, saboda haka a zafin bazarar Katsina ko kafin azumi dole ya tuntuɓi likitansa. Inda na fi ganin an koma gidan jiya shi ne bayan an samu sauƙi, dangi su ce ya warke, a ajiye magani. Ke da kika lura da barcinsa tun farko, ki ci gaba da lura, kuma duk ranar da ya kwana biyu a jere ido biyu ba gajiya, ku koma asibiti.