Ƙyandar biri: jini ake ɗiba, ko daga ƙurji ake ɗaukar samfur?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a wata CSI (ƙaramin asibiti) cikin jihar Tawa, kusa da iyakar Najeriya. An kawo mani wani saurayi ɗan ci-rani da ya dawo gida da zazzaɓi da ƙuraje a fuska, da tafin hannu, da al'aura. Majo, shugaban CSI ɗin, ba ya nan. Na ɗebi jininsa don a aika gwajin ƙyandar biri, na ba shi amoxicilline ya koma gida. Na yi daidai?

Amsa: Malama, sannu da aiki. Zargin da kika yi yana kan hanya, domin tun 2017 cutar ta sake ɓulla a Najeriya, kuma tsakanin Konni da Illela ƙafa ba ta ɗaukewa. Amma jinin nan ba zai ba ki amsa ba. Ƙwayar cutar ba ta daɗewa a jini. Kafin ƙuraje su fito sosai, sau da yawa ta riga ta bar shi. A cikin ƙurjin take zaune. Ki aika a kira yaron yau.

In ya zo, ki fara laluba wuyansa, hammata da matsematsi. Kaluluwa ita ce babbar alamar da ke raba ƙyandar biri da ƙarambau. Ƙurajen ƙarambau a sama-sama suke, ƙaiƙayi ya fi yawa, sun fi taruwa a ƙirji da baya. Na ƙyandar biri masu tauri ne, sun nutse cikin fata, wasu da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, kuma ciwo suke yi. Duk da haka ido kan yi kuskure, tunjere ma yakan fito a tafin hannu. Gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar kanta a cikin samfur, shi ke raba gardama.

Ga yadda za ki ɗauki samfur. Ki sa safar hannu, takunkumi, riga ta sama da abin kare ido. Ki zaɓi ƙuraje biyu a wurare dabam. Ki goga tsinken ɗaukar samfur a kan ƙurjin da ƙarfi, ba shafa ba, har ya kwaso ruwan ko abin da ke samansa. Tsinken polyester ake so, ba na auduga ba. In ɓawo ya fara ɗagowa, ki ɗauke shi ki sa a kwalba dabam. Ina roƙonki, kada ki huda ƙurji da allura: ma'aikatan lafiya sun kamu ta wannan hanya, bayan allurar ta soke su. Cikin awa ɗaya samfurin ya shiga sanyi, digiri 2 zuwa 8, a naɗe shi rufi uku, da takardar bayanin majinyaci. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ga zafinmu, don haka ƙanƙarar akwatin ta isa tafiyar. In zai wuce kwana 7 kafin a gwada, sai an daskarar da shi. Ki sanar da likitan gunduma nan take, tun kan zargi, ba sai sakamako ya dawo ba.

Ki yi masa gwajin SIDA da na tunjere, da yardarsa, ku biyu kaɗai a ɗaki. Waɗanda cutar ta fi kayarwa su ne masu SIDA da ba sa shan magani, ƙananan yara, masu tamowa da mata masu ciki. Irin waɗannan, da duk wanda ƙurji ya kai masa ido, ko ya kasa haɗiya, ko fitsari ya gagare shi, asibitin gunduma za a tura su.

Amoxicilline ba ta taɓa wannan ƙwaya. Sai in ƙurji ya yi ja, ya kumbura, yana zubar da mugunya, a nan ne antibiotique, wato magani irinta, ke da amfani. Abin da ke ceton rai jinya ce. A gwajin tecovirimat, maganin da aka sa ran zai yaƙi ƙwayar cutar, da aka yi a Kwango, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, maganin bai gaggauta warkewar ƙuraje ba, amma mace-mace ya ragu a cikin dukan waɗanda aka kwantar aka kula da su da kyau. Wannan ya ƙara mani ƙarfin gwiwa ƙwarai, don abin da aka yi masu muna iya yinsa a CSI: paracétamol don ciwo da zazzaɓi, ruwa da abinci isasshe, kurkure baki da ruwan gishiri, wanke fata da sabulu a bar ta ta bushe, a yanke farce. Kada a ɗiga masa maganin ido mai corticoïde (sinadarin rage kumburi).

A gida, ɗakinsa dabam, tabarmarsa, butarsa da kwanonsa dabam, har sai ɓawon ya zube sabuwar fata ta fito, mako 2 zuwa 4. Kada a kakkaɓe zanen gadonsa, a wanke da ruwan zafi da sabulu. Ki rubuta sunayen waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi ko suka taɓa jikinsa, a bi su kwana 21. Tambayar wadda ya kusanta sai da lallashi da rufin asiri, in ba haka ba zai ɓoye maki. Ke ma, in kin taɓa ƙurajen ranar nan ba safar hannu, ki gaya wa majo, ki riƙa auna zafin jikinki safe da yamma har kwana 21 su cika.