Daga Nima zuwa Landan: Mohammed Kudus

Tambaya: Malam, muna ta musu a majalisarmu. Shin da gaske Mohammed Kudus, ɗan ƙwallon Ghana, ɗan zango ne? Kuma ta ina ya bi har ya kai Ingila? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, da gaske ne. An haife shi a shekarar 2000, ya tashi a Nima, unguwar da Hausa ta zama harshen kasuwa a birnin Accra. Makarantar ƙwallo ta Right to Dream ce ta horar da shi. Ya tafi Nordsjaelland ta Denmark a 2018, Ajax ta Holland a 2020, West Ham ta Ingila a 2023, sannan Tottenham a 2025.

Ni dai inda ya fi shiga raina shi ne cikin rigar Ghana. Ranar da ya fara buga mata a 2019 ya ci Afirka ta Kudu. A gasar cin kofin duniya ta Qatar kuwa, a 2022, ya zura wa Koriya ta Kudu biyu, aka tashi 3-2. Wallahi ranar sai da na miƙe tsaye! Ƙafar hagunsa akwai albarka. Abin da ke mini ciwo, ya ci Masar biyu a gasar Afirka a Janairun 2024, amma Ghana ba ta wuce rukuni ba.