Amsa kan mutum-mutumin shara mai kyamara

'Yar'uwa, kin tambaya ko mutum-mutumin shara mai kyamara, wato injin da ke zagaya gida yana share ƙasa da kansa, zai iya tona asirin gida. Ƙwarai kuwa, kuma abin ya taɓa faruwa.

A watan Disambar 2022 mujallar MIT Technology Review ta bankaɗo yadda hotunan da wasu na'urorin gwaji na Roomba J7 suka ɗauka a gidajen mutane suka ɓulla a intanet, har da na wata mata tana bayan gida. Ba masu kutse ne suka sace su ba. Kamfanin iRobot mai ƙera injin sharar Roomba ne ya tura su wani kamfani don a tantance abubuwan da ke cikinsu a koya wa na'urar, sai wasu ma'aikata a Benezuwela suka yaɗa su. Wannan ya fi tayar min da hankali, domin ba kalmar sirrin da za ta kare ki daga hakan.

Kutsen ma yana nan. A 2024 wasu sun ƙwace ragamar injin shara samfurin Deebot X2 na kamfanin Ecovacs a gidaje a Amurka, suna zagin masu gida ta lasifikarsa.

In da ni ce, wanda ba shi da kyamara da makirfo zan saya, ko da yake shi ma yana zana taswirar ɗakunanki. Ki ɗora shi a kan Wi-Fi na daban, ki riƙa sabunta manhajarsa, ki rufe ɗakin kwana da bayan gida in yana aiki. In za ki sayar da shi, ki fara goge taswirar da asusunki tukuna.