Zuwa Mambilla a kan ƙaramin babur: zai yiwu, ko wauta ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna 34. Ina da babur Bajaj Boxer da nake zuwa aiki da shi, kuma babu abin da ke wanke mini kai kamar in fita bayan gari ranar Asabar, in miƙe hanya ba don zuwa wurin kowa ba. Yanzu raina ya biya in je tsaunin Mambilla a kan babur ɗina lokacin hutu. Abokaina suna ta yi mini dariya, wai sai mai babban babur irin na miliyoyi ke yin wannan, kuma wai wahala kawai zan saya da kuɗina. Shin babur ɗina zai iya? Me ya kamata in shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babur ɗinka zai iya. Idan Allah ya kai ka Gembu, babban garin da ke kan tsaunin a jihar Taraba, za ka ga irinsa birjik a tasha, an lafta musu buhunan masara ko mutum uku, suna hawa da sauka a hanyoyin da mota ba ta shiga ko da rani. Abin da mutanen wurin ke neman abinci da shi kullum ba zai gaza kai mutum ɗaya da jakarsa ba. Har ma yana da wata falala da babban babur ba shi da ita: idan ya lalace a Bali ko Serti, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya ya san cikinsa da bayansa, kayan gyaransa kuma suna rataye a shagon da ke kusa. Mai babur na miliyoyi kuwa, idan wata 'yar na'ura ta mutu masa a can, sai ya nemi motar da za ta ɗauko shi, ya jira kaya daga Legas.

Amma abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai wahala, sai dai ba daga ƙanƙantar injin take zuwa ba. Daga gaggawa take zuwa. Daga Kano zuwa Gembu ya haura kilomita 1,000, ta Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, sannan Bali da Serti. Wanda ya ce zai cinye wannan a kwana biyu a kan Boxer zai isa da ciwon baya da kumburin ido, kuma ba zai tuna komai ba sai ramuka. A ƙaramin babur, idan ka haɗa da tsayawa salla, cin abinci, shan mai da shingayen jami'an tsaro, da wuya ka wuce kilomita 45 a kowace awa idan aka raba. Saboda haka ka yanka wa kanka kilomita 250 zuwa 300 a yini, ka tashi bayan asuba gari ya ɗan waye, ka sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Kwana huɗu ke nan zuwa, huɗu dawowa, ban da zaman da za ka yi a can. Idan hutunka bai kai mako biyu ba, babu abin kunya ka ɗora babur a mota zuwa Taraba, ka fara hawa daga can. Na san masu cewa wannan ha'inci ne. Ni dai ban ga ladan da ake samu a shaƙar hayaƙin tirela ba, ko da yake wanda ya tsallake hanyar Kaltungo ya yi asarar ganin duwatsun ƙasar Tangale da Waja, da kuma Numan inda kogin Gongola ke zubawa cikin Binuwai.

Kafin in kai ka kan dutse, ga wani abin da masu sha'awa kan manta. Doka kan babur ta bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gari zuwa gari. Kai Bakano ne, ka san yadda aka hana acaɓa a Kano a 2013. Jalingo ma tana cikin garuruwan da aka taɓa hana hawan babur a cikinsu saboda tsaro, kuma irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana tsananta su. Kada ka dogara da labarin bara. Ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bin layin a makon da za ka tashi, su ne suka san inda gada ta karye, inda aka sa dokar hana fita, da inda ba a bi bayan azahar. Lasisinka ya zama na babur, wato rukunin A, lambarka a manne, takardunka na asali a cikin leda, katin shaida a aljihun gaba. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hular kwano, ka yi sallama. Baƙon babur da kaya a baya dole a tambaye shi. Dare kuwa babu shi a lissafi, ko da saura kilomita 20 ka isa.

Yanzu ga abin da ya sa tafiyar ta cancanci wahalarta. Bayan Bali ƙasa takan fara canjawa, daji ya yi kauri, duwatsu su matso. Serti nan ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda a cikinsa Chappal Waddi yake, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasar, mita 2,419. Ka kwana a Serti, ka cika tanki, domin gobe ita ce ranar. Bayan Mayo Selbe hanya takan daina wasa, ta kama jikin dutse tana naɗewa kamar rawani, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, kwari a ɗayan. Wannan shi ne Hawan Biyu da Sisi, wanda ake cewa ya samo sunan daga ladan sule biyu da sisi da aka riƙa biyan leburorin da suka sare shi. A mota, wannan wuri abin tsoro ne da fasinja ke rufe ido yana salati. A babur kuwa jikinka ne ke karanta shi. Za ka ji iska tana sauya ɗanɗano, zufar da ka taso da ita ta bushe, wani sanyi ya fara shiga ta wuyan riga, kunnenka ya toshe ya buɗe. Sai kawai ka ga daji ya ƙare, ka fito kan tudu a wajen Maisamari, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, tuddai kamar an kife ƙore, shanu fari da ja a warwatse, gajimare a ƙasa da kai. Mai mota ya ga wannan ta taga. Kai kuwa ka shaƙe shi, har warin itacen turare da hayaƙin murhun rugage.

A nan ne za ka ji babur ɗinka ya yi sanyin jiki, kada ka firgita. Tudun Mambilla yana kusan mita 1,600 sama da teku, iskar can ba ta da kauri, injin da ba shi da abin cusa masa iska yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau. Ka ga a saman tudu kusan kashi 15 ya tafi. Kabureta kuma tana ci gaba da zuba mai kamar tana Kano alhali iska ta ragu, sai fulogi ya yi baƙi, injin ya riƙa shaƙewa. Maganinsa mai sauƙi ne: matatar iska ta kasance a wanke, ka riƙe fulogi biyu na ajiya, kuma ka sauko giya da wuri. Kada ka bar injin yana nishi a giya ta huɗu kana murɗa totur har ƙarshe, ka ba shi ta biyu ya yi kukansa ya hau. Idan ya yi zafi, nemi wuri mai faɗi ka tsaya minti goma. Dama tsayawar ce ka zo yi.

Hawa dai ba ya kashe mutum kamar sauka, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Birkin irin babur ɗinka na ganga ne, takalmi ke goga jikin ƙarfe daga ciki. Idan ka taka shi ka riƙe tsawon gangara, zafi yakan taru, gangar ta buɗe, takalmin ya yi santsi, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse babu abin da ya kama. Ni ya taɓa faruwa da ni ina saurayi, a wata gangarar da ba ta kai rabin wannan ba, na saki giya don in adana mai kamar yadda na ga 'yan acaɓa na yi. Allah ne ya sa akwai gona a gefen da na faɗa, ba rami ba. Har yau akwai tabo a gwiwata. Ka'idar ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Injin ne zai riƙe ka, birki kuwa taɓawa ake yi a saki, na gaba da na baya tare, kuma kafin shiga kwana, ba a cikinta ba. Kada ka kashe injin, kada ka riƙe kulocin ka bar babur ya zuba. A kwanar da ba ka ganin abin da ke bayanta, ka manne hannunka na dama, ka yi oda, ka ɗauka akwai babbar mota da ta cinye hanya tana tahowa, domin sau da yawa akwai ta. Idonka kuma ya kalli inda kake son zuwa. Babur yana bin ido, wanda ya ƙura wa kwari ido kwari zai nufa. Idan kallo kake so, tsaya ka kafe babur ka kalla har ka ƙoshi.

Game da lokaci, damina a Mambilla doguwa ce, takan fara tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, da hazo da laka da zaftarewar ƙasa. A ganina ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta gama bushewa ba, ƙurar hunturu kuma ba ta rufe sararin ba tukuna. Sanyi kuwa kada ka raina shi. Zafin iska yana raguwa kusan digiri 6 a duk mita 1,000, ga iskar gudu a kai, ga Nguroje da ta yi suna wajen sanyi. Ka tafi da rigar sanyi mai tare iska, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da rigar ruwa ko da an ce rani ne. Malum-malum da silifas a bar su a jaka sai an sauka, don bakin riga na shiga sarƙa. Hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure, ba a rataye a madubi ba.

Shirin babur ba shi da yawa, amma a yi shi mako guda kafin tashi, don idan bakanike ya yi kuskure ya bayyana a Kano. Sabon baƙin mai, sababbin takalman birki, tayoyin da zanensu bai goge ba, sarƙa da sifaket idan haƙoran sun fara lanƙwasa. A jaka: tub biyu, abin faci, famfon hannu, wayar kuloci da ta totur, ƙwan fitila, sifana da filaya, ɗan man sarƙa. Ka koyi cire taya da hannunka a tsakar gida kafin ka tafi. Kaya kada su yi tsayi a baya, a raba nauyin gefe da gefe a ɗaure da roba. Mai kuma ka riƙa sha tun tanki yana rabi, kuma idan dole ta sa ka saya a wurin 'yan bumburutu, ka tace da tsumma mai tsabta. Kuɗi a hannu, a raba wuri biyu, don intanet ba ya kamawa ko'ina. Kuma ka nemi abokin tafiya ko guda ɗaya, mai irin haƙurinka. Abokin da ke son tsere ya fi kaɗaici haɗari.

Idan ka hau, kada ka yi Gembu ka juyo. Ka ratsa Kakara ka ga gonakin shayi, wanda wataƙila ka sha shi sau da yawa ba ka san daga nan yake ba. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, ragowar kurmin tsauni da masu bincike ke zuwa dominsa, amma a nemi izini da ɗan jagora. Ka sha kindirmo, ka ci fiya da ayaba a farashin da zai ba ka dariya. Hausa za ta fisshe ka a kasuwa, sai dai Fillanci ne harshen da ya haɗa ƙabilun Mambilla da Kaka da Fulani da sauran mutanen wurin, don haka ka koyi gaisuwa ko ta "jam" ce. Yankin nan yana ƙarƙashin Kamaru ta Ingila ne har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da shi Najeriya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, shi ya sa ƙaramar hukumar wurin take ɗauke da sunan Sardauna, kuma iyaka tana kusa ƙwarai. Hanyoyin ƙauye na iya tsallaka da kai Kamaru ba ka sani ba, ka riƙa tambaya. Kada ka ratsa gonar mutum ko makiyayarsa don neman wurin hoto, maganar ƙasa a can ba abin wasa ba ce, kuma kada ka ɗauki hoton mutum sai da yardarsa.

Kafin duk wannan, ka gwada kanka. Wata Asabar ka ɗaure duk kayan da za ka tafi da su, ka yi Kano zuwa Tiga ko Dutse ka dawo a yini ɗaya. Washegari da safe ka sake hawa ka yi awa biyu. Idan ka ji jikinka ya yarda da rana ta biyun, to ka je ka nemi albarkar iyaye da yardar mai ɗaki, ka sa ranar tashi.