Tauraron cakulan da ya sa kike tambaya ko har yanzu Hausawa ne mu

'Yar'uwa, saƙonki ya iso, kuma sai da na karanta shi sau uku kafin na iya zama in ba ki amsa. Kin ga hoton abin da na gasa a ƙarshen Disamba, kin ce ya burge ki, in koya miki. Sai kika ɗora da tambayar da na san ita ce ta fi damun ki: wai mu a nan Ghana har da mu ake Kirsimeti ne? Ban yi fushi ba, amma ba zan ɓoye miki ba, tambayar ta sosa mini rai. Ba ke ce farau ba. Duk ɗan'uwan da ya zo mana daga gida, kwana biyu kawai yake yi ya fara auna mu da ido, ya ji yadda yaranmu ke magana, ya leƙa tukunyarmu, ya ƙirga wa ya auri wa, sannan ya koma ya ba da labari cewa mutanen Zango, wato unguwanninmu na nan Ghana, sun narke. Har akwai wanda ya taɓa ce wa mahaifina a gaban idona, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Baba bai tanka ba, amma ranar bai ci abincin dare ba.

Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba ma bikin Kirsimeti. Sallolinmu biyu ne kamar naku, kuma gwamnatin ƙasar nan tana ba da hutu a kowacce. Amma ina da iyaye mata Kirista, yayyen mahaifiyata da ƙannenta, waɗanda suka goya ni a bayansu. Ranar Babbar Sallah su ne na farko da ake kai wa nama, su kuma idan lokacin Bronya ya zo, yadda ake kiran Kirsimeti da harshen Twi, ƙofar gidanmu ba ta rabuwa da kwanuka. Ni ba zan iya karɓar kwanon uwata in mayar mata da shi a wanke kawai ba. Abin da kika gani a hoto shi nake sakawa a ciki.

Bari in fara koya miki, don kada maganar zuciya ta cinye ta girki. A gidanmu tauraro muke ce masa, saboda siffarsa. Kwaɓin fulawa ne mai falle-falle, a shafa cakulan a tsakiya, a yanka, a murɗa, a gasa. Idan kina samun kwaɓin da ake sayarwa a daskare, aikin bai fi na rabin awa ba. Sai dai ki karanta jikin takardar da kyau, don wasu kamfanonin da kitsen alade suke yi, wasu kuma suna zuba ɗan barasa don kada ya lalace. Wannan ne ya sa na koyi kwaɓa nawa.

Ki sami fulawa giram 250, bota mai sanyi ƙwarai giram 200, gishiri kaɗan, da ruwan sanyi kamar rabin kofi. Ki yayyanka botan ƙanana, ki zuba a fulawar, ki ɗan cuɗa da kan yatsu, amma kada ki murje shi ya ɓace. So ake a riƙa ganin gutsattsarinsa. Ki zuba ruwan kaɗan-kaɗan har ya haɗu, ki naɗe a leda ki sa a firji minti 30. Daga nan ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza shi ya yi tsawo, ki ninke gida uku kamar yadda ake ninke wasiƙa, ki juya shi, ki sake murzawa, ki sake ninkewa. Sau huɗu ya isa, amma bayan kowane ninki biyu ki mayar da shi firji ya huta.

A nan ne kowa ke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai. Babu yis a cikin kwaɓin nan, babu bakar hoda. Abin da ke ɗaga shi tururi ne. Bota yana ɗauke da ruwa a cikinsa, kusan kashi 16 cikin ɗari, to idan zafin wuta ya buge shi farat ɗaya sai ruwan ya zama tururi, ya tura fallen da ke sama. Kowane ninki yana riɓanya fallayen sau uku, ninki huɗu ya ba ki 81, masu sana'ar da ke yin shida kuwa suna kaiwa 729. Amma duk wannan lissafin banza ne idan botan ya narke tun a hannunki, domin sai ya shige cikin fulawar, ki gasa ki fito da abu mai tauri kamar fatar ganga. Shi ya sa nake yin nawa bayan sallar asuba, lokacin da hunturu ya sanyaya gari, in jiƙa hannuna da ruwan ƙanƙara in goge kafin in taɓa. Ba ni da katakon murji, kwalba ce da nake cika wa ruwa in kwantar a firji tun dare.

Cakulan ɗin kuwa, kina iya amfani da na shafawa irin Nutella, ko ki narka naki. Ni nawa nake narkawa: giram 100 na baƙin cakulan, da cokali uku na madarar gwangwani, a kwano, a ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi. Ba a ɗora shi kan wuta kai tsaye, don man koko tun bai kai zafin jikin mutum ba yake narkewa, shi ya sa yake narkewa a baki, kuma saurin ƙonewa gare shi. Ki zuba madarar tun farko tare da shi. Idan cakulan ya narke shi kaɗai sannan ɗigon ruwa ya faɗa ciki, nan take zai dunƙule ya yi tsaki-tsaki. Ki bar shi ya huce kafin ki shafa.

Duk sanda na tsaya kan tukunyar nan ƙamshin ya taso, kakana nake tunawa. Ke ba ki san shi ba, wan kakanki ne, kuma a wajenku labarinsa ya tsaya ne a kan ya tafi Gwanja fataucin goro bai dawo ba. Goron bai karɓe shi ba, sai ya koma dako a rumfar auna koko, wato ɗan itacen, ba na sha da safe ba. Koko shi ne arzikin ƙasar nan tun bayan da Tetteh Quarshie ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, kuma kafin 1911 ta wuce babu ƙasar da ta kai ta fitar da shi a duniya. Daga baya an yi shekaru Kwaddibuwa ce kaɗai ke gabanmu. Buhu ɗaya kilo 64 ne, kakana ya yi shekaru yana ɗaukarsa a ka, har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Ya san yadda ake fasa ƙwallon da adda, a tara 'ya'yan a rufe da ganyen ayaba kusan mako guda su ruɓa yadda ake so, a shanya a tabarma ana juyawa. Da ya damƙi 'ya'yan a hannu ya ji ƙararsu zai gaya miki ko sun bushe. Amma har ya tsufa bai taɓa sa cakulan a bakinsa ba, cewa yake abincin Turawa ne. Ni ce na fara ba shi, ina 'yar firamare. Ya tsotsa, ya yi shiru, sannan ya ce ashe abin da muke ɗauka ke nan. Don haka idan aka ce mini cakulan baƙon abu ne a gidan Bahaushe, sai in tuna tsakiyar kan tsohon nan.

Yanzu ga wurin da ya fi zafi, maganar aure. Na san abin da ake faɗa a can, cewa Baba ya bar 'ya'yan dangi ya auro 'yar Asantawa, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa. Abin da ba a faɗa shi ne yadda aka yi gidajen biyu suka san juna. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya yamutse, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, har waɗanda aka haifa a nan ba su san inda za su dosa ba. Wani manomin koko da kakana ke ɗaukar wa kaya ya zo da dare, ya kwashe shi da iyalinsa ya kai su bukkar gonarsa, ya riƙa aika musu abinci har ƙura ta lafa. Kirista ne, mai zuwa coci duk Lahadi, kuma shi da kansa ya share wa kakana wurin sallah a gindin bishiya. 'Yarsa ce mahaifiyata. Ta musulunta kafin aure, ba wanda ya tilasta mata, ta sauke Alƙur'ani tana da 'ya'ya uku, ta je Makka. Gidan mutumin nan ne nake kai wa tauraro duk Disamba. Ki gaya mini, 'yar'uwa, idan da ke ce, da me za ki saka musu?

Kuma akwai wani abu da ba ku sani ba. Asantawa ta wajen uwa suke ƙirga dangi, mu kuma ta wajen uba. To ɗan da ubansa Bahaushe ne uwarsa Ba'asantiya, kowane ɓangare nasa yake ɗaukarsa, cikakke. Ni ban taɓa jin ni rabi ce ba sai ranar da na je gida biki, wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana tambayar mutane 'yar wace ce wannan mai Hausar 'yan koyo. Gaskiya ne, Hausarmu ta baka ba ta raba mace da namiji, yaro zai ce miki "Mama ya zo", kuma Twi da Turanci sun shiga cikinta. Amma da Hausar nan ake wa'azi a masallatanmu, da ita ake ɗaura aure da raɗa suna, kuma ƙabilun da ba su haɗa komai da Kano ko Katsina ba, da ita suke ciniki da juna a Zango daga Kumasi har Accra. Mu muka riƙe ta shekara fiye da ɗari a tsakiyar wani harshe, ba makarantar gwamnati da ta koya mana.

Ta fuskar addini ma ba da ka muke yi ba. Ba na zuwa coci, ba na sa bishiya a ɗaki, kuma da gangan nake yanka nawa tauraro, ko da yake wasu masu yin sa a Turai siffar bishiyar Kirsimeti suke yi masa. Haƙƙin maƙwabci da na dangin uwa kuwa ba sai na tuna miki matsayinsa ba. Babban limamin ƙasar nan, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da zai cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya je cocin Christ the King a Accra ranar Ista ya gaishe su. Wasu sun yi surutu, a nan da can, amma mu da muke zaune katanga ɗaya da mutanen nan mun gane abin da yake nufi.

To, mu koma kan tebur. Ki raba kwaɓin biyu, ki murza kowanne ya yi faɗin babban faranti, ki kifa farantin ki zagaye da wuƙa. Ki shimfiɗa ɗaya a tire bisa takardar gashi, ki shafa cakulan siriri, ki bar bakin kamar faɗin yatsa ba shafi. Kada zari ya sa ki labta, zai tsiyaye ya ƙone ya yi ɗaci. Ki rufe da ɗayan. Ki kifa ƙaramin kofi a tsakiya, ki yanka daga bakin kofin zuwa waje: gida huɗu, kowanne ki raba biyu, ki sake raba biyu, sun zama 16. Sai ki kama biyu da ke kusa da juna, ɗaya a kowane hannu, ki murɗa su sau biyu kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya, ki matse bakinsu wuri ɗaya. Idan kin zagaye za ki ga tsini takwas, da zanen cakulan yana leƙowa. Ki mayar firji minti 15, ki kaɗa ƙwai ki shafa a sama, amma kada ya gangara wurin yankan, don zai liƙe fallayen su ƙi tashi. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 200, minti 18 zuwa 20, kuma kada ki buɗe kafin minti 15. Idan ya yi ja ya huce, ki barbaɗa garin sukari ta rariya.

Idan ba obin, Mama da babbar tukunya take yi. Ta zuba yashi mai tsabta a ƙasa, ta bar shi ya yi zafi sosai, ta ɗora tiren bisa duwatsu uku, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Bai kai na obin tashi ba, amma yana yi. Bara ƙanwarta, wadda idonta ya fara rauni, ta karya tsini ɗaya tana shafa fallayen da yatsa, ta ce da Twi na yayarta ya fi nawa ƙamshin hayaƙi, ta sa kuka. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Mama, Allah ya jiƙan ta. Bana na riga na sa yara sun rairayo mini yashi, a tukunyarta zan gasa na gidan.

Ke kuma ki gwada da Ƙaramar Sallah, mu ma muna yin sa a lokacin, har ya fi na Disamba yawa. In ta faɗo cikin zafi, ki kwaɓa da dare ki gasa da asuba. Ki turo mini hoton gefensa bayan kin karya, ta nan zan gane ko botan ya narke miki. Ki gaishe mini da Gwaggo, ki ce mata ɗakin baƙi na nan a share tun shekarar da ta yi alkawarin zuwa.