Idan kuɗi suka daina aiki, me zan tara a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Zariya, mu takwas ne a gida. Tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 hankalina bai kwanta ba, kuma ina yawan kallon bidiyon Amurkawa masu tara abincin gwangwani da zinariya da makamai don ranar da komai zai rushe. Ina da ɗan kuɗin da na ware. Wane kaya ya kamata in tara, wanda zan ci da iyalina kuma in yi musaya da shi idan kuɗi suka daina amfani? Shin yin haka bai shiga ɓoye kaya da addini ya hana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoronka yana da tushe. Duk wanda ya tsaya layin banki a watan Fabrairun 2023, da kuɗi a asusunsa amma babu na cefane a aljihu, ya san tsarin da muke dogaro da shi yana iya tsayawa cak. Sai dai kafin mu shiga lissafin kaya, ina so ka ajiye hoton da bidiyoyin nan suka dasa maka, na rana ɗaya da komai zai ruguje kowa ya kulle ƙofarsa. Wuraren da abin ya faru da gaske ba haka ya zo musu ba.

A Ajantina, a watan Disamban 2001, gwamnati ta taƙaita cire kuɗi daga banki zuwa peso 250 a mako. Kasuwannin musaya suka bunƙasa a unguwanni, amma nan da nan suka koma amfani da takardun shaida na kansu a matsayin kuɗi, kuma jabun takardun na cikin abin da ya karya su. A Zimbabuwe, hauhawar farashi ta kai an buga takardar dalar ƙasar ta tiriliyan 100 a farkon 2009, jama'a suka koma dalar Amurka da kuɗin Afirka ta Kudu. A Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, karan taba sigari ne ya zama kuɗi, mutanen birni suna cika jiragen ƙasa zuwa ƙauyuka suna ba da darduma da kayan ado don a ba su dankali. Da aka fito da sabon kuɗi a watan Yunin 1948, kaya suka dawo kantuna kusan a dare ɗaya, wanda ya cika ɗaki da sigari ya wayi gari da taba kawai. Kasuwa ba ta mutuwa, sauya kama take yi, kuma mutane suna gudun cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda da zarar sun samu wani abin da zai tsaya a madadin kuɗi. Dalilin a fili yake: mai akuya da ke neman mudun gero ba zai yanko ƙafa ɗaya ya biya ba.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka tara abin da gidanka ke ci. Abin da za ka ci ko an shiga rikici ko ba a shiga ba, shi ne ajiyar da ba ta da asara, kuma shi ne kowa zai karɓa daga hannunka ranar musaya. Gwangwanin Amurkawa an yi shi ne don kasuwarsu da yanayinsu. Mu gero da dawa da wake muke da su.

Ga lissafin. Masu aikin agaji suna auna abincin mutum ɗaya a kan kalori 2,100 a rana, wanda ya kama kusan giram 400 zuwa 450 na hatsi, giram 50 zuwa 60 na wake, ɗan mai kamar cokali biyu, da gishiri kaɗan. Ku takwas, za ku ci kusan buhu ɗaya mai kilo 100 a wata, ko ƙasa da haka tunda akwai yara. Ajiyar wata uku ke nan buhu uku na hatsi, rabin buhun wake, da jarkar mai ɗaya. Ka fara da wannan. Ka saya da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, ka riƙa ci daga tsohon kana mayar da sabo. Kada ka manta da kayan miya busassu: kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, busasshen tumatir, kanwa. Tuwo babu miya kwana uku kawai yara za su jure.

Inda na fi ganin mutane suna asara shi ne wajen ajiyar kanta, don haka bari in daɗe a nan. Gero ya fi masara jure ajiya, masara kuwa ƙwari suna sonta, kuma idan ta sha danshi tana yin funfuna mai guba ga hanta. Wake ya fi kowa saurin lalacewa. Wanda ya jingine buhunsa a lungu da kaka zai iya buɗewa bayan wata uku ya tarar da gari da ramuka. Maganin ƙwaro na gaskiya shi ne hana shi iska. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a Afirka ta Yamma, yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba, muddin an ɗaure kowace leda da kyau kuma ɓera bai huda ba. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam, a cika shi har baki, yana yin aikin. Amma dole hatsin ya bushe sosai tukuna. Gwajinsa mai sauƙi ne: zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da hatsin shanya. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Ina roƙonka da babbar murya kada ka sa ƙwayar nan ta hatsi mai fitar da iskar guba a ɗakin da ake kwana ko makwabcinsa, domin ta sha kashe iyalai cikin barci. Haka nan kada a zuba maganin feshin gona a cikin wake.

Kakanninmu sun san wannan ilimi. Gero a zangarniyarsa cikin rumbu yana shekaru, wanda aka sussuka kuwa ba ya kai haka. Ita ce shawarar da Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar: abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Idan kana da ɗan'uwa amintacce a ƙauye mai rumbu, raba ajiyarka biyu ya fi tara ta wuri ɗaya.

Ruwa ya fi hatsi gaggawa, kuma mutane suna mantawa da shi. Mafi ƙarancin abin da ake ƙiyasta wa mutum a lokacin bala'i, na sha da girki da tsafta, lita 15 ne a rana. Ku takwas lita 120 ke nan, kusan jarka biyar kullum. Ba wanda zai tara na wata uku. Abin da za ka tanada shi ne hanyar samu: rijiyar da ba ta buƙatar lantarki, guga da igiya, randuna da duro, da abin tafasawa. Idan rijiyar burtsatsen unguwarku da injin take aiki, ka tambayi kanka yau ina za ku ɗebo ranar da babu fetur.

Yanzu kayan musaya. Abin da ke tafiya a irin wannan kasuwa yana da siffa huɗu: ba ya lalacewa, yana rabuwa ƙanana, kowa ya san shi da gani, kuma yana ƙarewa a sake nema. Gishiri ne sarkinsu, kuma ba yau aka fara ba. Ayarin raƙuman Buzaye da ke ratsa hamadar Tenere zuwa garuruwan Fachi da Bilma a Nijar sun daɗe suna kai gero su karɓo kantun gishiri da dabino. Bayan gishiri akwai sukari, sabulu, ashana, ɗunƙulen ɗanɗano, ganyen shayi, man girki a ƙananan kwalabe, batir, allura da zare, audugar mata. Sayi ƙananan ƙulli, ba manyan kwali ba, don ka iya yin canji. Gishiri da sukarin nan magani ne ma: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa yana ceton yaro mai gudawa. Ƙaramin faifan sola da ke cajin waya kuwa ya fi su duka a wajena, domin kana sayar da cajin kullum kayan yana nan.

Fetur ban ba ka shawara ba. Yana lalacewa cikin watanni kuma gobara ce a gidan yara. Magunguna, ka tsaya ga na wanda ke da ciwo mai ɗorewa a gidanka, kamar hawan jini ko ciwon suga, ka nemi shawarar likitansa kan na wata biyu ko uku, a wuri mai sanyi. Makami kuwa, bayan haramcin doka, jawo maka ido zai yi.

Zinariya fa? Ba ta sayen mudun gero, kuma a lokacin yunwa ana sayenta da arha. Amfaninta ɗaya ne, kuma babba ne: tana shiga aljihu. Ka tuna Khartoum, babban birnin Sudan. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, bankuna suka rufe, aka wawashe gidaje da ɗakunan ajiya, miliyoyin mutane suka bar muhallinsu da abin da hannu zai iya ɗauka. Wanda ya cika ɗaki da buhuna ya bar su a nan. Abin da ya fitar da mutane shi ne ɗan tsabar kuɗi, da sarƙar uwargida, da takardun shaida, da dangi a wani gari. Waɗanda suka rage a birnin kuwa, da yawansu tukunyar unguwa ce ta riƙe su, wadda 'yan Sudan ke kira takaya, matasa na dafawa da gudunmawar 'yan'uwa na waje. Don haka kada kuɗinka duka su zama buhu. Ka bar wani kaso a tsaba, ƙananan takardu, ka haɗa takardun gida da na yara a jaka ɗaya.

Wannan misali na Sudan shi ne zuciyar amsata. Gidan da ke da abinci a unguwar da ke jin yunwa ba ya ɓoyuwa. Hayaƙin murhu da ƙamshin miya za su tona shi. Mun ga yadda aka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama a watan Oktoban 2020, kuma waɗannan da masu gadi. Katangar da za ta tsare ajiyarka ita ce makwabcin da ya taɓa cin tuwonka. A ƙauyukan Nijar an daɗe ana yin bankin cimaka, a tara hatsi da kaka a fitar da shi da damina a farashi mai sauƙi. Gidaje goma a layinku za su iya yin irinsa da ɗaki ɗaya da littafin rubutu. Kuma sana'ar hannu ba a wawashe ta. Mai gyaran famfo, ungozoma, tela, mai faci, maƙeri, duk suna da abin musayar da ba ya ƙarewa. Furfuren da matan Fulani ke yi, wato musayar nono da hatsi, ya daɗe ne domin saniyar tana sake kawo nonon gobe. Kaji biyar, tunkiya biyu, bishiyar zogale a tsakar gida, da irin shuka na gida da aka adana da kyau, su ne naka saniyar.

Game da addini, ajiye abincin iyali halas ne. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana ware wa iyalansa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne ihtikari: a kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a ke cikin ƙunci, a ɓoye har ya yi tsada. Saye da kaka, daidai bakin gidanka, bai shiga nan ba. Amma akwai hukuncin da masu niyyar musaya ke mantawa. Hadisin riba ya ambaci abubuwa shida: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Idan jinsi ɗaya ne, sai daidai da daidai, hannu da hannu. Idan jinsi ya bambanta, ana iya fifita awo amma ba a jinkirta karɓa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, hukuncin ya shafi abincin da ake rayuwa da shi kuma ake ajiyewa. Ke nan mudun wake da mudu biyu na dawa a take ya halatta, amma ba da mudun gero da damina don a biya ka biyu da kaka riba ce, kuma ita ce ta fi yawa a lokacin yunwa. Ka zauna da malamin unguwarku ya yi maka bayani dalla-dalla tun yanzu, kafin bukata ta matsa.

Da ni ne da kuɗin nan, rabi zan sa a hatsi da wake da mai da buhunan ajiya, idan kaka ta yi. Kashi ɗaya cikin biyar in bar shi tsaba. Sauran in raba tsakanin duron ruwa, faifan sola, kwalin ƙananan kayan musaya, da tunkiya. A rubuta ranar saye a jikin kowane buhu da alli ko gawayi, a bar mabuɗin ɗakin a hannun uwargida, domin ita ta san abin da tukunya ke ci a mako.