Injin jirgina na mutuwa idan ya yi zafi: in canza kayan wutarsa gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar mutane da kaya a kogin Kwara, wajen Yawuri, da tsohon inji Yamaha mai doki 40 da na gada wurin mahaifina. Da safe ja ɗaya yake tashi, amma in ya yi kamar rabin awa yana aiki sai ya fara tari ya mutu, ba ya sake tashi sai ya huce. Na wanke kabureta, na sa sabon fulogi, ba ta canza zane ba. Wani makaniki ya ce in sayi kayan wuta sababbi duka. Wannan shawara daidai ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka. Makanikin bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ina so ka tabbatar kafin ka fitar da kuɗi.

Alamar da ka faɗa galibi ta kwayil ce da ya tsufa, wato naɗin wayar da ke samar wa fulogi wuta. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗe sau dubbai. In ta yi rauni a wani wuri, da sanyi tana haɗe, da zafi ya buɗa ta sai wuta ta yanke. Shi ya sa gwaji da safe ba ya nuna komai. Ka bari sai injin ya mutu da zafinsa a bakin gaɓa, nan take ka cire fulogi, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, wani ya ja igiya. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, har ƙararta kake ji. In ka ga ja-ja mai rauni, ko babu sam, to batun mai ya fita. Ka nisanta gwajin da tankin fetur, kuma kada a ja igiya wayar fulogi na reto, hakan na iya ƙona kwayil ko akwatin CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar da ke zuwa fulogi.

Kafin ka zargi manyan kaya, duba makunnin kashe inji. A Yamaha farar waya ce ke zuwa wurinsa. Ka zare ta ka sake gwadawa. In wuta ta dawo, ɗan makunnin ne ruwa ya ci. Na taɓa ganin mai jirgi ya sayi CDI sabo fil, aka ɗaura, inji bai tashi ba, ashe wannan farar wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Har yau abin na damuna, don kuɗin abincin iyalinsa ne ya tafi.

In silinda ɗaya ce ba wuta, ka musanya kwayil ɗin fulogin biyu. Matsalar ta bi kwayil, ka kama ɓarawo. In duka biyun ne suka ɗauke, laifin yana ƙarƙashin fulawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a saman inji), wato kwayil mai caji ko mai ba da sigina, ko kuma CDI ɗin kansa. Mitar auna wuta za ta raba gardama, amma a auna da zafi.

To, batun canzawa duka. Ra'ayina shi ne, in ka buɗe ka tarar robar wayoyi ta bushe tana farfashewa, jikin kwayil ya tsage, kan wayoyin ya yi kore, kada ka tsaya canza ɗaya. Sa'o'in juna ne, wanda ka bari shi zai tsayar da kai wata mai zuwa. Mota in ta mutu sai a gangara gefen titi. Jirgi ɗauke da mata da yara da buhunan hatsi, a tsakiyar Kwara lokacin da ruwa ya cika, ba shi da gefen titi.

Wajen saye, ka kwafi lambar da ke jikin farantin maƙalin inji. Yamaha mai doki 40 iri-iri ne: E40X yana ɗauke da 66T, E40G da E40J kuma lambobinsu daban, kuma ba lallai kayan wannan su hau wancan ba. Ka tafi da tsohon a hannu ka gwama soket da launin waya. Jabu sun cika kasuwa. Wanda arharsa ta yi yawa, ka bar shi. In kuwa injin tsohon yayi ne mai kwantak da kwandansa a maimakon CDI, ka canza su tare, ka saita buɗewar kwantak daidai da littafin injin.

Cire fulawil shi ne inda aka fi ɓarna. Da fula, wato ƙarfen da aka ƙera don jawo shi, ake zare shi, ba da guduma ba, kuma kada kusoshin fular su nutse da yawa su huda kwayil a ƙasa. Ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka kwance komai. Akwai ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke riƙe fulawil a mazauninsa. In ya lanƙwashe ko ya fara yankewa, taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi, ya gurɓace ko da kayan sababbi ne, don haka sa sabo. Ka goge mazaunin ya bushe, ka ɗaure notin da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, ka kankare inda baƙaƙen wayoyi ke kama jikin inji har ya yi ƙyalli. Fulogi NGK B7HS, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Bayan an haɗa, a duba taimin, sannan ka yi awa guda kana zagaye kusa da gaɓa ba fasinja, ka kashe shi da zafinsa ka sake tayarwa sau uku ko huɗu. Sai ya ci wannan jarrabawar za ka ɗauki mutane.